Motar da Ba Ta Son Hanyar Tsafe

Karo na uku ke nan cikin wata biyu da janwe ya jawo motar Sama'ila zuwa Gusau, kuma duka ukun a hanyar Tsafe ta mutu. Farar a-kori-kura ce mai shan dizal, sabuwa fil, ko ledar kujerunta ba a gama yagewa ba. Da ita yake kwaso buhunan masara da waken suya daga ƙauyuka. In Bungudu za shi, lafiya lau za ta kai shi ta dawo da shi. Amma ranar kasuwar Tsafe, da ya wuce Kwatarkwashi sai ta fara tari, ta riƙa fizga, ta tuƙo farin hayaƙi, ta mace a gefen titi, a irin wurin da mai hankali ba ya son tsayawa ko da fitsari ya matse shi.

Matarsa Hanatu ba ta san komai game da inji ba, amma ta san ba a kyauta wa mijinta a kamfanin da ya sayar masa da motar. Karon farko kwana tara suka riƙe ta, suka canza filtar mai, suka jefar da tsohuwar ba wanda ya leƙa cikinta. Karo na biyu suka ce nozul ne, abin da ke fesa wa inji mai, sai an aiko daga Legas, aka yi ta aikowa har mako uku. Da motar ta dawo, Hanatu ce ta share ta, ta kwashe ɓawon rake da ledar tsire a ƙarƙashin kujera. Motar da aka ce tana kwance ba ta motsi, ga shi an ci tsire a cikinta. Ta faɗa wa Sama'ila, ya ce ta cika zargi.

Ran da aka yi ta uku, ya dawo gidansu na Tudun Wada da la'asar, ƙafa duk ƙura, ya zauna a kan turmi ya kira manajan kamfanin, wani mai suna Buba. Sau shida yana kira kafin a ɗauka. Don haushi ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Mahaifiyarsa, Inna Uwa, tana kan tabarma tana tsintar wake. Ƙanwarsa Sadiya, wadda ta dawo gida zama tun bara, tana ƙofar ɗaki. Hanatu tana bakin murhu.

"Alhaji, mu fa mun yi namu," in ji manajan. "Mun sa mata kwamfuta, injin nan ba shi da laifi daga kamfani."

"To mi ka kashe ta?"

"Abu ake zuba mata a tanki."

"Wane abu?"

"Ruwa ne, ko gishiri, ko wani abin, wannan ba aikinmu ba ne. Garanti kuma bai shafi ɓarnar hannu ba, yana rubuce a takarda. Kuma in ka bari bakaniken waje ya taɓa ta, mun fita." Ya ɗan yi dariya irin ta wanda ya gaji da magana. "Kana da iyali ai, Alhaji? To ka binciki gidanka. Mun sha ganin irin wannan."

Manajan ya kashe wayarsa. Mutumin da bai taɓa tako unguwar ba, bai san sunan kowa ba, ya jefa magana tsakar gida don kawai ya huta da kiran waya.

Hanatu ta ga abu ɗaya a lokacin, ta kuma riƙe shi. Da aka ambaci tanki, hannun Inna ya tsaya cak a cikin faifai. Ya daɗe a tsaye kafin ya ci gaba da tsintar.

Sadiya ce ta fara magana, ba ta kalli kowa ba.

"Ni dai ban ce komi ba. Amma na ji da kunnena ran da wata tac ce da ma motar ga ta mutu ta samu ganin mijinta. Kuma na ga wata da tsumma tana goge bakin tanki da sassahe."

Duka biyun gaskiya ne, abin da ya ɗaure Hanatu ke nan. Ta faɗi maganar, cikin wasa, tana miƙa masa ruwan wanka, shi ma har dariya ya yi. Ta kuma goge bakin tanki, domin ta ga wani zirin baƙi-baƙi ya gangaro daga murfin ya ɓata farin fenti, ita kuwa ba ta iya ganin dauɗa ta wuce.

"Baban Ummi, ka san wasa nika yi," ta ce.

Ya tashi ya cire makullin motar daga ƙusar da yake rataya shi a ɗakinta, ya miƙa wa Inna. Inna ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Daga ranar gidan ya canza mata. Ba a zage ta ba, ba a ɗaga mata hannu ba, da ma an yi hakan da ta san inda za ta kai kuka. Sai dai in ta kai masa tuwo, da safe ta tarar da kwanon yadda ta rufe shi, shi kuwa ya ci na ɗakin Inna. In ta fito shanya, Sadiya ta taso ta zauna a bakin zaure, wai iska take sha, alhali wurin da ake ajiye motar take gadi, motar da ma tana can kamfani. Matan unguwa da ke zuwa kitso wurinta suka fara ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi kunya ta aiko cewa kanta ke ciwo. Sauran ko aike ba su yi ba. Wadda za ta iya zuba wa motar mijinta abu, in ji su, wa zai miƙa mata gashin kansa?

Wata rana ta je unguwa ta dawo ta tarar an birkice mata ɗaki. An samo ƙullin kanwa da gwangwanin sukari, an jera su a tsakar gida. Kanwar da take sa wa wake, sukarin da suke shan koko da shi su duka. Sama'ila ya tsaya a kansu yana kallo kamar bai taɓa ganin sukari ba.

"Ka kai motar wurin Kawu Labbo a Bungudu," ta ce masa da suka keɓe. "Shekara talatin shina gyaran tarakta. Dizal ɗin dai ɗaya na."

"Bakaniken tarakta za ya taɓa min sabuwar mota? Ba ki ji abin da manaja yac ce ba? Kuma kawunki, ai abin da kika so shi za ya hwaɗi."

"To ka duba da kanka. Mi ya sa sai ranar Tsahe? Wa ka tashi kahin kowa ranar?"

Ya juyo ya dube ta da wani irin ido. "Ke, ki iya bakinki."

Ta iya bakinta. Amma ido ba ya rufuwa don an ce a yi shiru. Ta zargi kamfanin, ta zargi gidan man da yake sha, har Sadiya ta zarga, ta yi istigfari. Kullum sai tunaninta ya komo kan hannun nan da ya tsaya a faifai. Ta san Inna ba ta barci in gobe ɗanta zai bi hanyar Tsafe, kuma ba laifinta ba ne, hanyar ta ci mutane da yawa. Ta san akwai wata gorar roba da Inna ke aikawa wurin wani malami a cika mata da rubutu, ita Hanatun ce ma ke wanke gorar, tana kankare baƙin da ke kwanciya a gindinta. Amma yaya za a yi suruka ta buɗe baki ta haɗa gorar uwar miji da tankin mota? Ko a zuciyarta in ta kawo shi sai ta ji kamar ta yi saɓo.

Abin da ya karya ta shi ne 'yarta Ummi. Yarinyar shekararta huɗu, an mayar da kwananta ɗakin Inna, wai don sauro. Wata safiya tana yi mata wanka, yarinyar ta ɗaga kai, kumfa a goshi.

"Umma, wai ke kika kashe mota?"

"Wa yac ce miki?"

"Gwaggo Sadiya. Ta ce in kin ba ni abu kar in ci sai na nuna ma Inna."

Hanatu ta gama wankan, ta shafa mata mai, ta sa mata riga. Sannan ta shiga bayan gida ta yi kukan da ba ta yi ba tun farkon abin.

Bayan kwana goma sha ɗaya kamfanin ya saki motar. Ba su ce ga abin da suka gyara ba, sun dai ce a zo a ɗauka, wurinsu ya cika. Washegari Sama'ila ya tsaya a ƙofar ɗakinta, bai shiga ba.

"Ki haɗa kayanki, gobe in kai ki Bungudu ki ɗan huta. Ba saki na ba. Sai na gama bincike."

"Ummi fa?"

"Tana wurin Inna."

Inna tana jin su. Ta ce daga inda take, murya a sanyaye, "Haƙuri za ki yi, ɗiyata. In ba ki yi ba, Allah na gani." Hanatu ta dube ta sosai, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara carbi.

Da safe, tana sa jakarta a bayan mota, idonta ya faɗa kan murfin tanki. Ga zirin nan baƙi-baƙi, ɗanye, bai ko bushe ba. Yau ba ranar Tsafe ba ce. Sai ta gane: yau Bungudu ce abin tsoro, tunda wurin danginta za a, waɗanda gidan ya riga ya yanke musu hukuncin masu asiri. Wannan karon ba ta goge ba. Ta shiga mota ta zauna.

Suka kama hanya. Ana hango rumfunan Bungudu motar ta yi tari. Ta fizga, ta sake fizga, ƙarar injin ta koma kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, farin hayaƙi ya turnuƙe bayansu. Sama'ila ya danna totur, ta ƙi. Ta gangara gefen titi ta mutu.

Ya bugi sitiyari, ya juyo kanta. "Ko yanzu ma?"

"Kwana nawa rabona da makulli?" ta ce. "Ga garejin Kawu can, ana ganin rumfatai. Ko ka kira manajanka."

Ya kira. Sau huɗu tana shiga ana katsewa, a na biyar aka ce wayar a kashe take. Rana ta fara zafi. Daga ƙarshe ya ce ta kira kawun nata.

Malam Labbo ya iso a kan tsohon babur, dattijo ne siriri, farcensa baƙi ƙirin da mai. Ya amsa gaisuwar surukinsa a taƙaice, ya dubi jakar da ke bayan mota, ya dubi fuskar 'yar ƙanwarsa, bai tambayi komai ba. Ya sa aka buɗe bonet, ya ce a ba ta wuta, ya kasa kunne. Ya tambayi launin hayaƙin.

"Hwari," in ji Sama'ila.

"To ba yunwa taka ji ba, wani abu tash sha."

Ba kwamfuta, ba takarda. Ya tsinci wata gorar ruwa da aka yar a gefen titi, ya yanke bakinta da wuƙa, ya tara a ƙarƙashin filtar mai, ya murɗa wata 'yar ƙusa da yatsu biyu. Abin ya zubo. Ya ɗaga gorar sama yana jira ya kwanta. Man dizal ya taso sama, ruwan ɗorawa garau. A ƙasa kuwa wani ruwa ya kwanta, kusan rabin gora, baƙi-baƙi kamar an wanke tukunya.

"Ga shi nan. Ruwa ya hi mai nauyi, ƙasa shika kwanta, shi famfo ka hwara ja. In ya cika filta sai ya wuce nozul, inji ya shaƙe. Wanga aikin minti biyar na. Can inda kaka kai ta, ba wanda yat taɓa nuna maka wanga?"

"Sun ce abu aka zuba."

"Ba su yi ƙarya ba, amma sun duba ko mi na?" Ya tsiyaye man, ya tsoma yatsa a baƙin ruwan, ya murza, ya kai hanci. Ya sake murzawa, yatsun suna ɗan mannewa. Sai ya goga a bayan hannunsa, ya bar zane baƙi. Fuskar dattijon ta canza. "Malam Sama'ila, wanga ba ruwan rijiya ba na, ba kuma na gidan mai ba. Akwai ƙaro ciki, akwai gawayi. Tawada ta. Wa ka karɓo maka rubutu a gida?"

Sama'ila ya tsaya yana kallon gorar. Shi ma ya sha daga irin ruwan nan tun yana yaro, ya san kalarsa ko cikin barci. Ya matsa gefe ya kira waya, amma titin shiru ne, kuma Inna ba ta iya magana a waya a hankali ba.

"Ni ban zuba ruwa ba," ana jin muryarta. "Addu'a niz zuba. Malam cewa yay yi ka sha ka shahwa, kai ko kullum sauri kaka yi ba ka tsayawa. Na yayyahwa ma motar, rana ta busar. Shi na nic ce gara ta sha, ya zauna cikinta. Don in tsare ka na."

"Inna, ran da manaja yay yi magana kina wurin."

"Ina wurin. Shi ruwa yac ce da gishiri. Kuma in ce mi? In tashi gaban ɗiyata da surukata in ce ni ta? Ita dai matarka ai ta hwaɗi abin da tah hwaɗi, ba ni nis sa ta ba."

Ya kashe wayar. Malam Labbo ya riga ya shiga ƙarƙashin mota yana kwance tanki, kamar bai ji komai ba. Cikin awa ɗaya ya tsiyaye ruwan, ya fitar da iska daga bututun mai, ya ce a tayar. Bugu ɗaya ta tashi, tana gurnani lafiya lau.

Sama'ila ya zo inda Hanatu ke zaune a gindin dogon yaro. Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ki yi haƙuri. Na zalunce ki. Tashi mu koma gida."

Ranta ya yi sanyi, har ta kai hannu ga mayafinta. Sai ta tsaya.

"In mun koma, mi za ka ce ma Sadiya? Da matan unguwa? Da Ummi?"

"Sai a ce an gyara. A bar maganar ta mutu."

"Ba ta mutuwa. A tsakar gida anka jera min kanwata. A nan nika so ka tsaya ka ce ba ni ba ta."

"In na ce ba ke ba, za a ce to wa? Uwata ta, Hanatu. Don ƙauna tay yi. Kina so in tona mata asiri da tsuhwanta, ta zama abin dariya ga unguwa?" Ya rage murya. "Ke yarinya ta, kina iya ɗauka. Wata biyu an mance. In mun je ki ɗan durƙusa ki ba ta haƙuri, don a samu zaman lahiya."

"In ba ta haƙuri."

"Don zaman lahiya."

Ta dube shi. Ba mugu ba ne, ta san haka, kuma shi ya fi ƙona mata rai. Ya auna mutuncin mutum biyu ya ga nata ne mai araha. Manajan kamfani ya sauke laifi a kan gida don kar ya ɓata hannunsa da mai, gidan kuma ya sauke a kan wadda ba ta da kowa a cikinsa, yanzu ga gaskiya a gora kowa ya gani, ana roƙonta ta ci gaba da ɗauka tunda ta riga ta saba.

Ta tashi ta sauke jakarta daga bayan mota. Ta ɗauki gorar baƙin ruwan, ta rufe bakinta da leda ta ɗaure.

"Ina gidan Kawu. Ran da kas shirya hwaɗi, ka san hanya. Motarka na son hanyar Bungudu ai."

Daga baya ya shiga mota ya juya.

Abin da ya yi da ya koma shi ne, ya karɓe makullin daga hannun Inna a asirce, ya sa a aljihu, rubutun kuma ya riƙa tsayawa yana sha. Motar ba ta ƙara tari ba. Ta je Tsafe ta dawo, ta je Bilbis ta dawo. Manaja Buba har kira ya yi da kansa, yana cewa ai da ma ya faɗa. Sama'ila yana zuwa Bungudu duk mako biyu da buhun shinkafa da ba da haƙuri, ana tambayarsa ko ya faɗa, yana cewa ana dai lallaɓawa. Gorar tana nan a kan taga a ɗakin da Kawu ya ba ta, baƙin ya kwanta a gindi.

A zuwansa na huɗu ya kawo Ummi ta wuni. Yarinyar ta yi tsawo, an yi mata kitso a wani wurin, ya ɗaure mata goshi. Hanatu ta zuba mata dambu ta ajiye a gabanta. Ummi ta kalli kwanon, ta kalli ƙofa inda ubanta yake, ba ta sa hannu ba.

"Ci mana, uwata."

"Umma," ta ce, tana wasa da bakin rigarta, "kin san mi? Kowa na cewa tun da kin tahi motar Baba ta warke."